Ranar da Aka Zaga da Ni Birni

Ƙanina ne ya kawo saƙon, domin ni da babban ɗana ba ma doguwar magana. Ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa furta sunan nan da bakina ba, uwarsa ma haka. In ina nemansa sai in ce a kira min yaron nan, alhali ya ba talatin baya, yana da gemunsa da aikin ofis a Abuja. In ya zo gida zai durƙusa daga bakin zaure ya gaishe ni kansa a ƙasa, in amsa ina duban wani waje, shi ke nan. Yaran yanzu suna cewa wannan ƙauyanci ne. Ba su san komai ba. A wurinmu babu girman da uba zai ba ɗansa da ya wuce wannan kunyar, kuma duk son da nake yi masa a cikinta na adana shi.

Saƙon biyu ne. Na farko, yaron ya sami wadda yake so, kuma mahaifinta, wani Alhaji da ya yi ritaya daga aikin gwamnati a Legas, zai zo Kano. Kakanninsa 'yan cikin birni ne, amma shi a kudu ya tashi, bai san birnin ba sai a bakin mutane. Yana so ya taka shi da ƙafarsa, yana kuma so ya ga uban yaron ido da ido. Na ce ina ruwan uba da zancen neman aure, ai wannan aikin baffa ne. Ƙanina ya ce mutumin ɗan boko ne, haka ya ga dama. Har an ɗauko wani mai zagawa da baƙi, mu uku kaɗai zai ja, ni da Alhajin da yaron, a ƙasa, daga hantsi zuwa azahar.

Na biyun kuwa sai da ƙanina ya yi ta kewaye-kewaye yana tsinkar bakin tabarma kafin ya fito da shi.

"Yaya, cewa ya yi in roƙe ka, don Allah kada a tayar da zancen jaki."

Na tashi na zaga bayan gida kamar zan duba turke, don kada ya ga fuskata.

Zancen jakin shi ne wannan. Ƙauyenmu yana kan hanyar Rimin Gado, inda gona ke jingine da gona, babu saurar da za a bari ta huta ko ta shekara ɗaya. Ƙasar da ba ta hutawa dole a ciyar da ita. Don haka da zarar an gama kaka, sai in ɗaura wa jakina itace, in yi sallar asuba in kama hanya, in shiga ta Ƙofar Kabuga da hantsi. In sauke itacen a gidajen da muka saba, su kuma su bar min abin da suka share daga turken awakinsu da tokar murhu. In cika mangala, in juyo. Kafin la'asar ina gona ina zubawa tsibi-tsibi. Haka nake yi har ruwan farko ya sauka, shekara fiye da ashirin, sai da leda ta lalata jujin birni, ƙafafuna kuma suka fara ƙorafi, sannan na bari. Ban taɓa ganin abin ɓoyewa a ciki ba sai ranar da ɗana ya aiko baffansa.

Duk da haka na yi niyyar in yi masa yadda yake so. Aure ne, kuma ɗana ne. Ya aiko min da farar shadda ɗinkin babbar riga, na saka, wuyan yana cizona.

A bakin karofin Ƙofar Mata muka haɗu. Alhajin dogo ne fari, da tabarau da sandar ado, ya ba ni hannu da fara'a, ba ni da abin da zan ce a kansa. Yaron ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon titi. Sai ga mai zagayen. Saurayi ne fes da shi, hula a karkace, da wani kati rataye a wuya kamar layar rago. Alhaji ya samu "Yallaɓai" da ranƙwafawa. Ni kuwa ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ga duk da shaddar inda na fito, ya ja murya yadda ake yi wa kurma.

"Sannu Baaba! Ka taɓa shigowa cikin birni kuwa?"

Kafin in buɗe baki yaron ya riga ni. "Yana ɗan shigowa jefi-jefi."

Jefi-jefi. Na haɗiye maganar.

Tun daga nan na tsani saurayin, kuma ba zan ɓoye ba, har yau ban daina ba. Wata irin tafiya yake yi da baya-baya, yana fuskantarmu, hannu na yawo a sama, baki na zuba kamar ya haɗiyi rediyo. Rabin maganar Hausa, rabi Turanci, in ya zo wurin da yake ganin ya fi ƙarfina sai ya waiwayo ya ce, "Baba, wato abin da nake nufi," ya maimaita min da Hausar yara. Na yi ta roƙon Allah a zuci Ya haɗa ƙafarsa da kwata. Bai faɗa ba. Ya san ramukan hanyar, wannan kam zan ba shi.

A karofin akwai wani dattijo zaune a bakin rami yana tsoma zane yana ɗagawa, hannuwansa sun rine har gwiwa. Sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Saurayin ya tsaya a kansa yana nuna shi da yatsa yana bayani, ko sallama bai yi masa ba, sai ka ce tukunya yake nunawa. Ni ba zan iya ba. Na tsuguna na gaishe shi, muka tambayi juna iyali da aiki da sanyin bana. Ban kai ga tambayarsa ko shunin rini ya yi tsada ba sai na ji an taɓa kafaɗata.

"Baba, lokaci. In muka ce kowa sai mun gaisa da shi, a nan za mu kwana. Nan birni ne."

Alhaji ya yi murmushi. Yaron ya duba agogonsa. Na miƙe na bi su.

Daga nan muka nufi kasuwar Kurmi. A bakin shiga saurayin ya gargaɗe ni in riƙe aljihuna, in kuma tsaya kusa da shi kada in ɓace, domin a cewarsa baƙo in ya shiga lungunan nan sai an yi shelarsa. Ni da na san inda ake ɗaure jaki a bayan kasuwar, na san rijiyar da ake shayar da shi, na san masallacin da ake barin mai datti ya yi alwala ba a harare shi ba. Na ce masa to. Muka ratsa layin dukawa, Alhaji ya sayi wa matarsa jakar fata. Muka ratsa masu ƙwarya da masu tsakiya. Saurayin yana da labari a kan kowane abu, kuma duk labarin a kan manya yake, attajirai da fatake da malamai. In ka saurare shi sai ka ɗauka tun da aka kafa birnin nan ba a taɓa yin wanda ya yi shara a cikinsa ba.

A wata rumfa ta masu igiya da kayan dabbobi Alhaji ya tsaya, ya nuna wani abu da sandarsa ya ce mene ne wannan. Akumari ne, sabo dal, irin wanda ake shimfiɗa wa jaki a baya kafin a ɗora kaya. Na ga idon saurayin ya yi rawa kaɗan. Bai sani ba. Amma irinsu ba sa cewa ban sani ba.

"Wannan abin zama ne na mutanen da, Yallaɓai. Kamar kushin ɗinsu ke nan."

Ni da mai rumfar muka haɗa ido. Ya buɗe baki, na ɗan girgiza masa kai, ya mayar ya rufe. Na saci kallon yaron. Shi ya sani sarai, a kan akumari ya koyi zama. Ya zaro wayarsa yana dannawa.

Rana ta fara zafi lokacin da muka bar kasuwar muka shiga unguwanni, za a kai Alhaji dutsen Dala ya hango gari daga sama. Saurayin ya ce kafin nan zai nuna mana wani tsohon gida mai zanen gini a fuska, irin wanda ya yi ƙaranci yanzu. Muna karya kwana ƙafafuna suka gane wurin kafin kaina. Lungun ya ƙara matsewa, an yi wa wasu gidajen siminti, durumin da ke tsakiya babu shi, amma shi ne. Gida bakwai nake kwasar taki a lungun nan. Gidan mai zanen shi ne na uku, kuma takinsu ya fi na kowa, domin ba sa haɗa shara da turke, kuma da harawa suke kiwo.

Na ja baya na tsaya daga gefe, na bar su a gaban zauren. Wani tsoho yana zaune a kan dakali yana jan carbi, na yi masa sallama a hankali na kau da fuska. Saurayin ya shiga bayanin zanko da azara da yadda ake kwaɓa ƙasa. Ni kuma sai idona ya faɗa jikin katanga. Ashe har yanzu suna kiwo. An share turke an fito da shi waje an tara, tsibi guda mai kyau, baƙi wuluk, da toka a gauraye, ko guntun leda babu.

Wallahi ban yi shawara ba. Wanda bai yi sana'ar nan ba ba zai gane ba, amma mu ba ma wuce taki mai kyau ba mu taɓa ba, kamar yadda mace ba ta wuce atamfa a kasuwa ba ta murza ba. Ban san lokacin da na tattare babbar rigar na tsuguna ba. Na tura hannu har wuyan hannu, na ji ɗumin nan a ciki. Na damƙo, na matse, ya dunƙule, na murza ya warware lif. Na kai hanci. Ya ruɓe daidai, ba ɗanye ba, bai kuma ƙone ba. Sai na ji bakina ya ce, da ƙarfi kuwa, "Kai, wannan ya yi! Zai ba da mangala huɗu."

Shirun da ya biyo baya ne ya dawo da ni. Na ɗaga kai, su uku suna kallona, hannun farar shaddar ya yi dumu-dumu.

Saurayin ne ya fara fashewa da dariya, har da dafa gwiwa. Ya samu abin da ya fi zanen gini.

"Yallaɓai, ka ga wannan, Baba ya tuna min. Da can birnin nan ba ya buƙatar motar shara. Ƙauyawa ne suke sammako da jakuna su kwashe mana kashin awaki, har da godiya. Kai, har itace suke kawowa a ba su kashi! In suka shigo unguwa yara su bi su a baya suna toshe hanci. Baba, ashe ka san harkar?"

Alhaji ya yi 'yar dariya ta ladabi. Wannan ba ta dame ni ba. Wadda ta dame ni ita ce ta uku, gajera, busasshiya, daga bakin ɗana. Alhaji ya juya wajensa, ba da wata manufa ba a ganina, tambaya ce kawai.

"Mahaifinka ya taɓa yin wannan sana'ar ne?"

Ina tsugune, takin yana hannuna. Da ya yi shiru ma da na yafe masa. Da ya ce manomi ne, manomi ya san taki, da ya fita lafiya bai yi ƙarya ba. Hanyoyi da yawa a gabansa. Ya gyara tsayuwa ya ce:

"A'a, Yallaɓai. Yaransa dai yake turowa, masu yi masa aiki."

Na kira sunansa.

Cikakke na kira shi, yadda liman ya faɗe shi ranar suna, da muryar da nake tsawata wa jaki in ya shiga gonar mutane. Sunan ya fito min baƙo a baki, nauyi gare shi, ban taɓa ɗanɗana shi ba. Yaron ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi. A karo na farko a rayuwarsa ya dube ni cikin ido, ni ma na dube shi, na ga ashe idon uwarsa gare shi.

"Waɗanne yara? Faɗa min sunan ɗaya. Ni ne yaran. Ni da jaki, babu na uku. Gonar bayan gida da ka ci tuwonta har ka yi wannan wuyan, rairayi ce kakanka ya bar min, ko ƙaiƙayi ba ta fitarwa. Daga lungun nan na kwaso ta, mangala-mangala, a ƙafa. Yaran da suke bina suna toshe hanci ban taɓa jin haushinsu ba, 'ya'yan wasu ne. Yau ga nawa."

Ya sunkuyar da kai.

Zuciya ta riga ta ɗebe ni, sai na juya kan mai katin. "Kai kuma, abin da ka ce wa bawan Allahn nan kushin ne, akumari sunansa. A bayan jaki ake sa shi. In ka koma ka saya, zai yi maka daidai. Kuma in ka sake tsayawa a kan dattijo kana nuna shi da yatsa, ka fara yi masa sallama, ba gunki ba ne."

Dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya buɗe baki zai yi Turanci, ya fasa.

Tsohon da ke kan dakali, wanda duk wannan abu yana kallo, ya ajiye carbinsa ya ƙura min ido. "Malam, ba kai ne mai jakin nan mai yankakken kunne ba?" Na ce ni ne. Ya ce Allah sarki, ya tambaye ni bayan rabuwa, ya ce tun da muka daina zuwa sai sun roƙi mai kura yake kwashe musu. Na amsa masa a gajarce. A wani lokacin da na zauna mun sha hira, amma ranar ba ni da wannan ƙarfin.

Alhaji ya miƙo min gorar ruwan da ke hannunsa in wanke. Da mutunci ya miƙo, na sani, amma na ce ya bar shi, na gode. Na karkaɗe hannuna a jikin shaddar, ɗaya gefen da bai ɓaci ba, na yi musu sallama. Yaron ya biyo ni taku biyu ya ce, "Baba." Ban waiwaya ba. Su suka hau Dala, ni na bi ta bayan gidaje, lungu ya ba ni lungu, ban tambayi kowa hanya ba har na ɓulla Kabuga na shiga motar garinmu. Wata mata da ke kusa da ni ta ja mayafinta ta matsa jikin taga. Ban ga laifinta ba.

Da na isa gida uwar yaron ta ga rigar ba ta yi tambaya ba. Washegari ƙanina ya ba ta labari, ta same ni a zaure ina gyaran ƙotar fartanya. Ba ta yi zancen taki ba, ba ta yi zancen Alhaji ba.

"Malam, da gaske ka kira shi?"

Na ce na kira shi. Ta juya ta koma ciki. Yini guda ba ta sake yi min magana ba.

An yi auren bayan ƙaramar salla. Ashe Alhajin ko a jikinsa, ƙanina ya ce cewa ya yi shi ma kakansa fata yake jima, wari ba baƙonsa ba ne. Wato duk ɓoye-ɓoyen nan a banza aka yi shi, kuma wannan ya ƙara min haushi maimakon ya rage. Yaron ya zo da baffansa ya ba ni haƙuri, ya yi kuka, na ce na yafe, kuma na yafe ɗin.

Amma abu ya riga ya canza. Yanzu in ya zo ba ya tsayawa a bakin zaure. Shigowa yake ya zauna a gefen tabarmata, ya miƙe ƙafa, ya tambaye ni farashin gero, ya ba ni labarin ofis, har tsokanata yake yi. Ni ma ina kiran sunansa, tunda ya riga ya fita, ba ya komuwa. Matarsa tana jin daɗin abin, ta ce ba ta taɓa ganin uba da ɗa da suka shaƙu haka ba. Maƙwabta ma suna cewa mun zama abokai.

Abokai ina da su, cike da masallaci. Ɗan fari ɗaya Allah Ya ba ni, na yi shekara talatin da ɗoriya ina kau da kai in ya shigo saboda ya fi ƙarfin idona. Jiya ya zo, ya zauna, muka yi hira har la'asar, na dube shi sosai tun daga sama har ƙasa. Ban ji nauyin komai ba.